Neman Ɗaki Mara Matakala a Bakin Teku

'Yata ce ta kawo maganar hutun, wata ranar Lahadi cikin watan Fabrairu, bayan mun dawo daga coci. Ina tsaye a kicin ina yanka gauta da yakuwa zan yi gwate, ta zo ta ture kwanon tsaki gefe, ta ajiye kwamfutarta ta juyo mini da ita. Hoton wani tudu ne da aka jera wa shuka layi-layi kamar kunyoyin dankali, can bayansa kuma ruwa ne shuɗi har iyakar gani.

"Mama, duba nan," in ji ta. "Gonar inabi ce. Bana za ku cika shekara talatin da aure. Ni da Yaya mun yi magana, za mu kai ku hutu."

Na duba. Na ce akwai kyau. Na ci gaba da yankan gauta.

Da Hausa ta yi maganar, tana ɗan tuntuɓe. Ita da yayanta a nan Maryland aka haife su, kuma tun suna ƙanana in ka yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Ciwon babansu ne ya sa suka koma neman Hausar da suka bari. Kafin ciwon, maigidana lissafi yake koyarwa a wata kwaleji kusa da gidanmu a Gaithersburg. Wata safiya, shekara biyu da 'yan watanni kafin wannan Lahadin, yana goge baki na ji kofi ya faɗi a banɗaki. Ni nas ce, ina ganin fuskarsa na san abin da ya faru. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya fara farfaɗowa sai muka ga Turancin da ya yi shekaru yana koyarwa da shi ya tafi kusan duka. Abin da ya rage masa shi ne Hausar da ya tashi da ita a Bukuru, ita ma kalma-kalma, sai kuma wasu kalmomi na yaren mahaifiyarsa da ni ba na ji, don ni 'yar kudancin Kaduna ce.

Tun daga lokacin kwanakina suka zama iri ɗaya. Kwana uku a mako ina shiga jirgin ƙasa zuwa asibitin da nake aiki a Washington, in yini ina juya marasa lafiya, ina ba su magani. Ranakun nan wata mata 'yar Ghana ce take zama da shi. Sauran ranakun ni ce. In tashe shi, in yi masa wanka, in shirya shi, in kai shi wurin masu motsa jiki da mai koya masa magana, in dawo in dafa abin da ba gishiri. A coci mata suna kama hannuna su ce Allah ya ba ni ƙarfin hali. Ina amsawa da amin. Amma ni na san ba ƙarfin hali ba ne. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a gida ba. Yadda ƙafa take yi in an daɗe ana zaune a kanta, ka taɓa ta ka ji kamar ta wani ce, haka na zama gaba ɗayana.

Da farko 'yata kudancin Portugal take so, ko kuma wajen Cape Town. Na ce mata inshorar lafiyar babanta ba ta aiki a can. Ta koma ta nemo wani wuri a gaɓar California, tsakanin Los Angeles da San Francisco, inda ta ce rana ba ta ƙarewa kuma gonakin inabi suna gangarowa kusa da teku. Na ce to.

"Amma kin san giya ake yi a gonakin nan, a cocinmu kuwa ba a sha," na ce mata.

"Ba dole ne a sha ba, Mama. Mutane suna zuwa don kallo ma."

"Kuma babanki yana shan maganin tsinka jini."

"Na sani."

Shi dai a da yakan sha kofi guda na jan giyar inabi lokacin Kirsimeti, in abokan aikinsa sun gayyace mu. Yakan ce mini ai Yesu ma ba kunun zaƙi ya yi a gidan biki ba. Na tuna wannan maganar ina tsaye a kicin, na san abin dariya ce, amma ban yi dariyar ba.

Aka tsai da ƙarshen watan Satumba, lokacin da ake girbin inabi. Na nemi hutu a wurin aiki, aka ba ni ba musu, don na daɗe ban ɗauka ba. Daga nan duk Lahadi bayan coci sai mu zauna a teburin cin abinci, ni da ita da kwamfuta, babansu yana gefe a kujerarsa yana matsa ƙwallon roba da hannun dama kamar yadda aka ce ya riƙa yi.

Ita takan buɗe hoton otal ta nuna mini faɗuwar rana ta taga. Ni kuma in ce ta matsa gaba zuwa hoton banɗaki. Abin da nake nema shi ne ko akwai dakali a bakin shawa, ko an kafa ƙarfen riƙewa a bango, ko ƙofa za ta ɗauki keken guragu, don ko da yake yana takawa da sanda a cikin gida, a waje sai da keke. Ina duba tsayin gado. Ina duba tayil, ko mai santsi ne. Hotunan ba sa faɗin gaskiya, saboda haka na shiga kiran otal-otal ɗin ɗaya bayan ɗaya lokacin hutun cin abinci a wurin aiki. Wata yarinya mai fara'a ta tabbatar mini babu matakala ko ɗaya a wurinsu. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce, to, akwai wasu 'yan ƙanana guda uku a bakin lambu, amma kyawawa ne ƙwarai, na dutse. Na gode mata na kashe wayar.

Gonakin ma haka. Yawancinsu tsakuwa suka zuba a hanya, keke ba ya gungurawa a kai. Wasu a ƙarƙashin ƙasa suke ajiye gangunan giyarsu, sai an sauka. Na gano inda asibiti mafi kusa yake da kowane gari, da wanda ke da sashen masu irin ciwonsa. Kafin Ista na san hanyoyin wannan yanki kamar na taɓa zama a can, amma da za a tambaye ni launin tekun da ba zan iya faɗa ba.

Wata Asabar na je Silver Spring sayen acca da busasshen kifi a shagon 'yan Afirka, na haɗu da wata ƙawata ta zumuntar matan coci, mutuniyar Pankshin. Labarin ya riga ya kai mata.

"Maman yara, an ce gonar giya za ku je," ta ce, tana dariya har tana dafa kafaɗata.

"Gonar inabi."

"Ai duk ɗaya ne. Je ki abinki. Ni ko gidan burkutu aka ce za a kai ki ki huta, zan raka ki har bakin ƙofa, in Fasto ya tambaya in ce asibiti kika je." Sai ta daina dariyar ta dube ni da kyau. "Kina ɗoki kuwa?"

Na ce ina yi. Ta ci gaba da kallona har sai da mai shago ya kira ta.

'Yata ma ta gaji da ni. Wata Lahadi cikin watan Mayu ta nuna mini wani gida mai baranda, na ce ta tambaya ko akwai lifta mai hawa da mutane sama. Ta rufe kwamfutar da ɗan ƙarfi. Abin da ta faɗa da Turanci ta fara shi, sai ta tuna babanta yana wurin ta juya Hausa.

"Mama, ke me kike so ki gani a can? Ba Baba ba. Ke."

Na yi ƙoƙari da gaske. Na nemi wani abu a cikina da ke son teku, ko rana, ko wani abinci, ban tarar da komai ba. Na ce mata duk abin da ta zaɓa ya yi.

A lokacin ne maigidana ya buga tebur da hannunsa na hagu. Ba da ƙarfi ba, sau biyu. Muka juya. Ranar ɗanmu ma yana nan, ya zo daga Upper Marlboro inda yake zaune, yana kwance a doguwar kujera yana latsa waya. Ya tashi zaune.

Mai koya masa magana ta sha gaya mana kada mu riƙa ƙarasa masa zance, mu jira shi ko da zai daɗe. Muka jira. Leɓensa yana motsi, idonsa yana kan rufaffiyar kwamfutar.

"Ba... ni," ya ce.

"Ba ka me, Baba?" in ji 'yata.

"Ba ni... zuwa."

Sai a lokacin na lura wata uku ke nan muna shirya tafiyar nan a gabansa, muna auna faɗin kekensa da tsayin gadonsa, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Idon 'yata ya cika da hawaye. Ta ce ai dominsu aka shirya, shi da Mama. Ya girgiza kai. Ya ɗaga hannu ya nuna ni, ya nuna ta.

"Ke. Da ita. Ku je."

"Baban yara, wa zai kula da kai?" na ce.

Ya sake nuna ni. "Can ma... aiki. Ke, aiki. Nan aiki, can aiki."

Ɗana ya ce, "Ni zan zauna da shi. Aikina a kwamfuta ne, ko'ina zan iya yi."

Na ce ba zai iya ba. Ya ce in koya masa. Na ce mutane za su ce me, mace ta bar mijinta a wannan hali ta tafi yawon bakin teku. 'Yata ta ce waɗanne mutane. Maigidana ya koma matsa ƙwallonsa, alamar shi ya gama magana.

Da yaran suka tafi, da yamma ina shafa masa mai a ƙafa, na tambaye shi ko fushi ya yi da ba mu shawarce shi ba. Ya ce a'a. Na ce to don me. Ya daɗe yana neman kalmar.

"Jirgi," ya ce. "Bayi. Ƙarami."

Na gane. Tafiyar awa biyar ko shida ce a sama, kuma banɗakin jirgi ba ya ɗaukar mutum biyu. Duk binciken da na yi, ban tsaya a kan wannan ba, shi kuwa ashe abin yana ransa. Har yau ban san wanne ne ainihin dalilinsa ba, wanda ya faɗa a gaban yara ko wanda ya faɗa mini. Mai yiwuwa duka biyun ne. Ban ji haushi ba, ban kuma ji an sauke mini kaya ba. Na rufe kwalbar man na wanke hannu.

Lahadin da ta biyo baya 'yata ta cire duk sharuɗɗan keke da matakala da muka sa wa shafin neman otal. Wuraren da a da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba suka zama ba iyaka. Gidaje a kan dutse, ɗakuna a saman bene, wani ma sai an bi tsani. Ta ce in zaɓa. Na nuna na farkon da na ga yana da taga mai kallon ruwa. Ta ce in ƙara dubawa, na ce ya isa. Duk da haka da hoton banɗakinsa ya wuce sai da idona ya tsaya a bakin shawa.

Koya wa ɗana ya fi neman otal wuya. Ya zo ya kwana biyu a ƙarshen mako, sau da dama cikin bazara. Na nuna masa yadda ake tsayawa ta ɓangaren da ya shanye, yadda ake sa gwiwa a tare tasa gwiwar lokacin tashi, wane magani ne na safe wanne ne na bayan abinci. Yaro ne mai gaggawa tun yana ƙarami. Yana ɗaga babansa kamar buhu, yana tambayarsa abu biyu a lokaci guda. Uban kuwa sai ya yi ta dariya da rabin bakinsa, dariyar da ban cika jin yana yi da ni ba. Ran nan na ga ya sa masa takalmin hagu kafin na dama, ya bar igiyar a kwance, na buɗe baki zan yi magana sai na fasa. Na fita na shiga mota a bakin gida na zauna, ban kunna ta ba. Maƙwabcinmu yana yankan ciyawa. Na kalle shi har ya gama gefe guda, sannan na koma ciki.

Da aka zo haɗa kaya na buɗe kabad na ga ba ni da komai sai kayan aiki da atamfofin zuwa coci. 'Yata ta kai ni kanti ta saya mini dogayen riguna marasa nauyi da wata hula mai faɗin baki. Na gwada a gaban madubi. Matar da ke ciki ta yi kama da wata 'yar'uwar mahaifiyata da ta rasu tuntuni. Na ce sun yi.

Ranar tafiya na durƙusa gaban kujerarsa na ce, "Baban yara, za mu tafi." Ya dafa kaina da hannun hagu ya ce, "Sauka... lafiya." Ɗana yana soya ƙwai a kicin, na ji ƙaurin mai ya yi yawa. Na ɗauki jakata.

Ba ni da labari mai yawa game da can. Rana tana nan kamar yadda aka ce, amma da safe hazo ne ke rufe teku, ruwan kuma sanyi gare shi kamar na firji. Na sa ƙafa sau ɗaya na janye. Mun je gonaki biyu. A ta farko wata dattijuwa ta jera mana kofuna tana bayanin ƙasa da iska da shekarar girbi. Ni ruwan inabin da ba a tsima ba aka zuba mini. Na kurɓi na 'yata sau ɗaya don ta matsa, na ji kamar tsamiyar da ta kwana a ruwa. Can ƙasa cikin layuka ma'aikata suna tsinkar inabi, sun rufe fuska da ƙyalle saboda rana, suna gudu da robobi a ka. Su na fi kallo. Ina ta tunanin yadda bayansu zai yi in sun tsufa.

'Yata tana ta satar kallona tana jira ta ga na ji daɗi. Na ce mata akwai kyau a bakin teku, na ce akwai kyau a kan tudu, na ce akwai kyau da rana za ta faɗi. Ba ƙarya nake yi ba, idona yana ganin kyan. Kowace safiya ina farkawa daidai lokacin maganinsa na can gida, wanda a California gari bai ko waye ba, in kira ɗana, ya ce an riga an sha. Daga rana ta uku ya daina ɗauka, sai dai ya turo hoton babansa da kofin shayi. Abin da na fi yi shi ne barci. Na yi barci a mota, na yi a kujerar baranda da hula a fuskata, wata rana na kwanta bayan abincin rana ban tashi ba sai da aka kunna fitilu. 'Yata ta soke zuwa gona ta uku ta bar ni.

Ana gobe za mu dawo muka ci soyayyen kifi a wata rumfa kusa da inda jiragen masunta ke tsayawa. Na ci loma biyu na ce, "Kifin nan yana son yaji." 'Yata ta ajiye cokalinta ta dube ni, sai ta tashi da sauri ta je ta karɓo wani jan barkono a kwalba. Bai kai namu ba, amma na zuba, na cinye kifin duka.

Da muka dawo Gaithersburg da la'asar, gidan yana warin taliya da soyayyen ƙwai. Kwanuka sun cika wurin wanke-wanke. Maigidana yana zaune a falo, gemu ya fito masa fari fat don ba a yi masa aski ba, yana sanye da rigarsa mai layi-layi. Maɓallan sun goce da ɗaya tun daga wuya, gefe guda na rigar ya fi ɗayan tsawo. Ko jakata ban ajiye ba na sunkuya zan gyara. Ya ture hannuna.

"Bar shi, Mama," in ji ɗana. "Shi ya sa da kansa."

"Da kansa?"

"Ranar Talata ina cikin taro a kwamfuta, na bar shi da rigar a kafaɗa na ce ina zuwa. Taron ya ja. Da na dawo ya ɓalla uku. Tun ranar ba ya yarda in taɓa."

Na dubi maigidana. Yana kallon talabijin kamar ba da shi ake ba. Fiye da shekara biyu ina ɓalla masa maɓalli kowace safiya, cikin sauri, ina duban agogo. Ban san yana iyawa ba, ban kuma san tun yaushe ba.

Washegari ranar aiki ce. Na yi masa wanka, na zura masa hannun dama cikin riga, na zagayo da ita ta baya, sannan na zauna a bakin gado na ɗora hannayena a cinya. Ya kama maɓallin farko da yatsun hagu, ya kuɓuce. Ya sake kamawa. Ina jin motar matar nan 'yar Ghana ta tsaya a waje, ta buɗe ƙofa da makullinta, ta shiga kicin ta ɗora ruwan zafi. Yatsuna suna ta motsi a kan cinyata, na danne su. Da ya kai na huɗu jirgin da na saba shiga ya riga ya wuce. Na jira ya gama na ƙarshe, na miƙa masa sandarsa, na je na hau jirgin da ya biyo baya.